Yadda Ake Koyar da Gafara da Kayan da Ke Kan Teburin Ofis

Shekara goma sha tara ke nan ina aikin akawun kuɗi a wani ofis a nan Jos, kuma kusan takwas daga cikinsu ni nake jan 'yar addu'ar da muke yi ranar Laraba lokacin hutun rana. Minti arba'in ne kacal, wani da ledar masa a hannu, wata tana duba agogo saboda za ta ɗauko yara a makaranta. Mai jin yunwa ba a yi masa dogon wa'azi. Dole ce ta sa na koyi ɗaukar abin da ke gabana, biro ko rula, in yi koyarwa da shi. A cikin darussan da na yi ta haka, na gafara ne aka fi cewa in maimaita. Na yi wa matasan majami'armu a Tudun Wada, na yi wa Zumuntar Mata, na yi a wani taron ma'aurata a Bukuru. Ga yadda nake tsara shi, ga duk mai so ya gwada.

Abin da za a tanada

Kowa falle biyu na farar takarda, fensir da magoginsa, wanda yara ke kira kilina. Biro shuɗi ga kowa, ja guda ɗaya gare ka. Kwalbar Tipp-Ex, farin ruwan nan da ake rufe kuskuren rubutu da shi, takardar kabon falle biyu, maɗinkin takarda da fil ɗinsa, salatif, rula da yawa, kalkuleta, hatimin da ake bugawa a kan rasit idan an biya tare da tawadarsa, ƙananan takardun nan masu manne na Post-it, da tsohon gwangwani da ashana. Idan ka samu tsohuwar laja, wato littafin da akawu yake shigar da kuɗi, wadda aka daina aiki da ita, ka zo da ita, domin ita ce ƙashin bayan darasin. Duk waɗannan ana samunsu a shagunan kayan rubutu na Terminus da titin Ahmadu Bello.

Ka saya da kuɗinka, ko ka roƙi ma'ajin ƙungiya. Kada ka kwaso daga sito na ofis ka je kana koyar da tuba da kayan sata. Kuma idan lokacin hunturu ne, ka buɗe Tipp-Ex ɗin tun daren jiya ka duba, domin iskar Jos ta Disamba takan daskarar da shi kamar busasshen tuwo. Ya taɓa faruwa da ni a gaban mutum talatin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ranar: ka nemo naka labarin

Wannan darasi ba ya tafiya a bakin wanda ba a taɓa cuta ba, ko wanda yake nuna kamar ba a taɓa ba. Ka zaɓi abu guda da aka yi maka, wanda za ka iya faɗa ba tare da ka kama suna ba. Nawa shi ne wannan.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ni na yi ta zarya har aka ɗauke shi aiki a ƙarƙashina. Mahaifiyarsa Mama nake ce mata, tare muke zama a majami'a. Wata rana ya karɓi naira dubu arba'in da biyar daga hannun wani, ya ba shi rasit daidai, amma a kwafin da ya rage a ofis ya shafa Tipp-Ex a kan huɗun ya mayar da shi ɗaya. Ni kuma na sa hannu a ƙarshen rana ban duba ba, saboda na yarda da shi. Da mai binciken kuɗi ya zo, bai yi wata wahala ba. Ɗaga takardar kawai ya yi wajen taga, huɗun ya fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin farin. Aka dakatar da ni wata uku babu albashi. Yaron yana nan yana zuwa aiki, yana gaishe ni a hanya, bai ce uffan ba. Sai da mai kuɗin ya kawo nasa rasit aka gane rubutun hannun wa ne, aka sallame shi, ni aka dawo da ni.

Kada ka ba da labarin gaba ɗaya a farko. Ka tsaya a nan, sauran yana da wurinsa.

Mataki na ɗaya: a rubuta laifin

Raba takarda da biro. Kowa ya rubuta abu uku: wa ya yi masa, me ya yi, me ya rasa a dalilin haka. Ka gaya musu sarai babu wanda zai karanta, har kai. Ka hana su rubuta “ya ɓata mini rai”, wannan ba lissafi ba ne. A rubuta “ya ci kuɗin adashena”, “ta yi mini ƙarya wajen Oga har na rasa ƙarin girma”, “ya ƙi zuwa jana'izar babana”. Akawu ba ya soke bashin da ba a shigar a littafi ba. Ba su minti huɗu, kuma kai ma ka rubuta, kada ka tsaya kana kallonsu. Su ninke takardar su ajiye a gefe.

Mataki na biyu: fensir da magogi

A ɗaya fallen, kowa ya rubuta sunansa da fensir a hankali, ya goge. Ya tafi tsaf. Sai ka ce su sake rubutawa, amma su danna da ƙarfi, su sake gogewa. Yanzu su kwantar da bakin fensirin su shafa a kan wurin sama-sama. Sunan zai sake fitowa fari a cikin baƙi, domin takardar ta riga ta loɓa. Yara suna son wannan, manya kuma sukan yi shiru.

Abin da nake cirowa a nan kaɗan ne. Akwai laifin da magogi ya ishe shi: wanda bai gaishe ka ba, wadda ta ɗauki kujerarka, wanda ya yi maka magana da zafi saboda yunwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Karin Magana 19:11 ta ce ƙyale laifi daraja ce ga mutum, kuma irin waɗannan ake nufi. Ka goge ka hure, kada ka kira taro a kansu. Amma akwai wanda aka danna, kuma wannan magogi ba ya iya masa. Idan kana son ka sassauta ɗakin, ka gaya musu cewa kafin roba ta zo, da ɓargon burodi Turawa suke goge fensir, kuma sai a 1858 wani mai suna Hymen Lipman a Amurka ya yi rajistar dabarar haɗa magogi a jikin fensir. Kada ka daɗe a nan.

Mataki na uku: Tipp-Ex, gafarar baki

Ka rubuta 45,000 da biro, babba, a gaban kowa. Ka shafa Tipp-Ex a kan huɗun, ka hura ya bushe, ka rubuta ɗaya. Ka zaga da ita su gani. Sannan ka kira mutum ɗaya ya ɗaga ta wajen taga, ko ya haska fitilar waya ta baya.

Farin ruwan nan ba abin zargi ba ne. Wata sakatariya ce a wani banki a Dallas ta Amurka, Bette Nesmith Graham, ta fara haɗa irinsa a kicin ɗinta a shekarun 1950 don ta rufe kuskuren buga tafireta, har ta sayar da kamfaninta a 1979 kan dala miliyan 47.5. Tipp-Ex da muka sani kuwa daga Jamus ya fito. A wasiƙa yana da amfani. A littafin kuɗi haramun ne, kowane akawu ya sani, domin ba ya cire komai, rufewa kawai yake yi.

To, haka yawancin gafararmu take. “Ba komai.” “Ya wuce.” “Na bar shi da Allah,” da irin muryar da kowa ya san addu'ar tsiya ce. Lokacin da Mama ta zo gidana da yamma, ta zauna a ƙasa ta ƙi hawa kujera, ta ce, “Ɗana, ka dubi girman Allah,” ni ma abin da na ce ke nan: “Haba Mama, ai ya wuce.” Ƙarya nake yi. Shekara biyu na yi ina canza hanya idan na hango yaron a Gada Biyu, kuma duk lokacin da aka zo wurin nan na Addu'ar Ubangiji da muke roƙo a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in rage murya.

Mu a Jos mun san wannan fiye da kowa. Tun daga rikicin da ya ɓarke Jumma'ar nan ta 7 ga Satumba 2001, aka sake a Nuwamba 2008, aka sake a Janairu 2010, an yi zaman sulhu iri-iri, an yi musafaha a gaban kyamara. Gwamnatin Simon Lalong ma ta keɓe 7 ga Fabrairu ta zama ranar yafe wa juna a jihar Filato, kuma ban raina wannan ba. Amma ka tambayi mai keke ya kai ka wata unguwa da magariba, ka ji abin da zai ce. Idan a cikin masu sauraronka akwai waɗanda abin ya shafa kai tsaye, ka faɗi wannan a taƙaice, kada ka kama sunan wata ƙabila ko addini, ka wuce.

Mataki na huɗu: kabon

Jera falle uku da kabon a tsakaninsu, ka rubuta kalma ɗaya a sama, ka zare ka nuna. Rubutu ɗaya ya zama uku. Ka tambaye su: abin da ke cikin takardar da ka ninke, mutum nawa ka ba kwafi? Matarka, abokin aikinka, 'yan zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, da waɗanda ka ba a matsayin “abin addu'a”. Kowa ya rubuta adadin a bayan takardarsa. Ni da na ƙirga na kai goma sha ɗaya.

Yesu ya ba da tsari a Matiyu 18:15 zuwa 17, kuma tsari ne na ofis sosai: ka fara zuwa wurin mutumin kai da shi kaɗai, in bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan a kai gaban ikilisiya. Mu mukan fara daga ƙarshe. Aikin gida a nan shi ne, ranar da ka yafe, ka bi kwafin da ka raba gwargwadon iko, ka gaya wa waɗancan mutane an rufe maganar. Magana zarar bunu ce, ba za ka tattaro ta duka ba, amma ko uku ka bi, an rage.

Mataki na biyar: kalkuleta

Ka miƙa wa wani kalkuleta, ka sa wani ya karanta Matiyu 18:21 zuwa 35. Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Mai kalkuleta zai buga ya ce 490, kuma kullum sai an samu wanda ya ce shi surukarsa ta riga ta wuce haka. A bari a yi dariya.

Lissafin da nake so shi ne na misalin da ya biyo baya. Sarki yana bin bawansa talanti dubu goma, ya yafe masa. Bawan ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini guda, kamar yadda Matiyu 20:2 ta nuna, kuma talanti ɗaya dinari 6,000 ne. A buga: 10,000 sau 6,000, ya ba da miliyan 60. A raba da kwana 300 na aiki a shekara. Shekara 200,000. Ka sa ya faɗa da ƙarfi.

Yanzu dinari ɗarin. Masu wa'azi da yawa sukan ce ai 'yan kwabbai ne. Ba haka ba ne. Ladan kwana ɗari ne, albashin wata uku da ɗoriya. Ranar da na fara buga wannan lissafi a teburina sai da na ajiye kalkuletar, domin daidai abin da yaron nan ya jawo mini ke nan. Ubangiji bai ce abin da aka yi maka ƙarami ne ba. Wata uku babu albashi ga mai 'ya'ya huɗu a makaranta ba wasa ba ne, na sayar da babur ɗina a lokacin. Ya dai ajiye shi kusa da ɗayan adadin ne ya bar ka ka duba.

Mataki na shida: laja, rula da sa hannu

Nan ne za ka ba da lokaci, ko da ka gajarta sauran. Buɗe lajar, ka nuna musu yadda akawu yake gyara kuskure. Ba ya gogewa, ba ya shafa fari, ba ya yage shafin, domin shafukan laja a ƙirge suke, in ɗaya ya ɓace an shiga uku. Rula yake ɗauka ya ja layi ɗaya tak a kan adadin, yadda har gobe kowa zai iya karanta abin da ke ƙasa. Ya rubuta daidai a sama. Ya sa hannu a gefe, ya sa kwanan wata. Duk mai binciken da ya zo zai ga abu uku: an yi kuskure, an soke shi, ga wanda ya ɗauki nauyin sokewar.

A ganina wannan ita ce gafarar da aka umarce mu da ita. Ba a ce ka manta ba, takarda ta riga ta loɓa. Ba a ce ka yi ƙaryar cewa ba a yi ba. An ce ka daina bin bashin. Daga ranar da ka ja layin, adadin nan ba ya shiga jimla. Ba ka ƙara tayar da shi a faɗa na gaba, ba ka jira ranar da za ka rama, ba ka murna idan ka ji ya faɗi. Kuma wanda ya sa hannu shi ya ɗauki asarar. Wannan ne wurin da yake da ɗaci, kada ka sa masa sukari. Babur ɗina bai dawo ba.

Ayoyi biyu nake karantawa a nan. Kolosiyawa 2:13 da 14, inda Bulus ya ce Allah ya soke takardar bashin da ake binmu ya kafe ta a kan gicciye. Sai Filimon aya 18 da 19, wadda na fi so domin harshen akawu ne zalla. Bulus yana mayar da Unisimas wurin maigidansa da ya gudu ya bari, ya ce in ya cuce ka ko kana binsa wani abu, ka sa a kaina, ni Bulus da hannuna na rubuta, zan biya. Bai ce wa Filimon ba a yi masa komai ba.

Wani malamin makarantar tauhidi da ya halarci darasin sau ɗaya ya ƙara mini wani abu. Tawadar zamanin Bulus da baƙin hayaƙi da ƙaro ake haɗa ta, ba ta cin takarda, ana iya wanke ta da jiƙaƙƙen soso. Duk wanda ya tashi kusa da makarantar allo ya ga irin wannan, yadda almajiri yake wanke allonsa ya koma fes. Wanki irin wannan na Allah ne, shi ya ce a Ishaya 43:25 yana shafe laifofi ba ya ƙara tunawa da su. Mu 'yan adam rula aka ba mu.

Yanzu kowa ya buɗe takardar da ya ninke. Raba rula. Ka faɗa musu da kyau: wanda ya shirya, ya ja layi ɗaya a kan abin da ya rubuta, ya sa hannu da kwanan wata. Wanda bai shirya ba, kada ya ja. Sa hannun dole ba ya aiki a ofis, ba ya aiki a nan. Ka yi shiru minti uku cur. Kada a yi waƙa, kada ka cika shirun da magana, ko da ka ji wani yana jan hanci. Wanda yake so a buga masa hatimi, ya ninke takardar ya kawo, ka buga a bayanta ba tare da ka buɗe ba.

Ka kuma gargaɗe su cewa fushin zai dawo, wataƙila tun kafin Lahadi. Wannan ba ya nufin layin bai jawu ba. Amfanin kwanan watan ke nan: ka ce wa zuciyarka, wannan an rufe shi ran kaza, ga sa hannuna.

Mataki na bakwai: fil da salatif

Wannan da sauri. Ɗinke falle biyu, ka cire fil ɗin, ka nuna ramukan. Yaga takarda biyu, ka riƙe rabi, ka ba wani rabi ya koma kujerarsa, sannan ka yi ƙoƙarin liƙa naka rabin shi kaɗai da salatif. Ba ya yiwuwa. Layi kai kaɗai kake ja, amma sulhu sai ɗayan ya kawo nasa rabin. Shi ya sa Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka.

Dole ka faɗi abu ɗaya a nan, musamman a taron mata da na ma'aurata. Yafewa ba ta hana a kai ƙara. Matar da ake duka za ta iya yafewa daga gidan iyayenta. Wanda ya taɓa yaro, a kai shi ga hukuma, ba ofishin fasto kaɗai ba. Kuma wanda ya tuba da gaske ana ganin alama: Zakka a Luka 19 bai tsaya a “ku yi haƙuri” ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu. Na ga inda dattawa suka matsa wa wanda aka cuta ya yi shiru don kada sunan ikilisiya ya ɓaci. Wannan kwalbar Tipp-Ex ce sukutum.

Mataki na takwas: Post-it, sake ba da dama

Ɗaga 'yar takardar, ka liƙa a bango, ka cire, ka sake liƙawa. Labarinta ya dace da majami'a. A 1968 wani masanin kimiyya a kamfanin 3M na Amurka, Spencer Silver, yana neman gam mai ƙarfi, sai ya samu mai rauni, wanda ba ya riƙe komai da kyau. Shekaru ana kallonsa abin banza. A 1974 abokin aikinsa Art Fry, wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ya gaji da yadda 'yan takardun da yake sa alama a littafin waƙoƙi suke zubewa, ya tuna da gam ɗin nan. A 1980 aka baza su kasuwa. Ba a mayar da gam ɗin mai ƙarfi ba, aikin da ya dace da shi aka nema masa.

Haka ake ba mutum dama ta biyu. Yohanna Markus ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya a Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, Ayyukan Manzanni 15 ta faɗa. Barnaba ya tafi da shi Kubrus. Shekaru bayan haka, a 2 Timoti 4:11, Bulus da bakinsa ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Tsakanin waɗannan ayoyi biyu akwai shekarun aiki a ƙarƙashin idon wani.

Saboda haka ka ba su ƙa'ida da za su iya riƙewa. A fara da ƙaramin abu. A faɗa wa mutumin sharuɗɗan a fili, kada a yi masa tarko a ɓoye. A sa lokaci, wata uku ko shida, a zauna a duba. Kada a mayar da shi kan ainihin abin da ya kayar da shi tun ranar farko. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ya yi tsalle, ba rashin bangaskiya ba ne.

A nan nake ƙarasa labarina. Bayan shekara huɗu yaron ya zo ofis, ya rame, ya durƙusa a bakin teburina a gaban masinja. Ya ce, “Baba, ni ne na cuce ka, ka yafe mini.” A lokacin na riga na ja nawa layin da shekara biyu, saboda haka wannan bai yi mini wuya ba. Abin da ya biyo baya ne mai wuya: ya samu aiki a wani shagon sayar da kayan gini, suna son wasiƙar shaida, kuma ni yake so in rubuta. Kwana biyu ina juya biro. Abin da na rubuta shi ne yana da ƙwazo, yana zuwa a kan lokaci, ya taɓa yin kuskure a harkar kuɗi, ya zo da ƙafarsa ya amsa, kuma ina ba da shawara a fara sa shi a wajen lodin kaya da lissafin sito. Na karanta masa kafin in liƙe ambulan. Ya yi shiru, ya ce, “Baba, a bar shi haka.” Sun ɗauke shi. Daga baya ya fara turo mini kuɗi kaɗan-kaɗan, na karɓa, domin shi ma yana da layin da yake buƙatar ja.

Rufewa

Minti biyar na ƙarshe, a fita waje da gwangwani. Wanda yake so a ƙone takardarsa ya jefa da hannunsa. Wasu sun fi so su tafi da ita su sa cikin Littafi Mai Tsarki saboda kwanan watan, ka bar su. Kada ka zuba a kwandon shara na ofis ko na majami'a, akwai masu tonawa. A yi Addu'ar Ubangiji tare, a hankali, a tashi. Ka sa kowa ya rubuta a Post-it abu ɗaya da zai yi kafin mako ya zagayo, kiran waya ko gaisuwa ko ziyara, ya liƙa a inda zai gani. Mako na gaba ka tambaya a dunƙule, kada ka nuna mutum da yatsa.

Ka shirya wa wanda ba zai ja layin ba, domin kusan kullum akwai. A taron Zumuntar Mata wata dattijuwa ta zauna da rula a hannu har aka watse. Ɗanta ya fita da safe a rikicin 2010 bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Na je na tsuguna kusa da ita. Ta nuna mini takardar, wurin sunan wanda ya yi laifin babu komai. Ta ce, “Malam, ni ban san wa zan yafe wa ba.” Ban karanta mata aya ba. Na ce, “Mama, ki tafi da rular.” Ta sa a jakarta tare da takardar, shugabar mata ta raka ta gida, kuma na roƙi fasto ya riƙa leƙa ta. Idan irin wannan ta same ka, kada ka bar mutumin ya tafi shi kaɗai, kuma ka sayi rula fiye da yawan mutanen da kake sa rai, domin wasu ba sa dawowa.